Amsa ga Yaya a Daura: wa ke mana kwaɓin burodi a Ingila?

Yaya, kin tambaye ni ko da gaske ne matan Hausawa da ke nan Manchester sun daina sa hannu a fulawa, inji ke yi musu kwaɓi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba son jiki ne ya kawo haka ba.

Abin da ya sa ma muke gasa burodi a gida shi ne na kantin nan bai kama bakinmu ba. Yawancinsa da wata dabara ake yin sa wadda aka fito da ita a garin Chorleywood a 1961, inji ya buge kwaɓin da ƙarfi cikin 'yan mintuna. Laushi kam akwai, amma babu zaƙi, babu danƙon nan na burodin mai shayi da ake yaga a tsoma.

To irin namu kuwa murza yake so. In ruwa ya shiga fulawa aka yi ta murzawa, sinadarin alkama da ake kira gulutin sai ya haɗe ya yi zare-zare, shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya tashi. Da hannu sai kin yi minti 10 zuwa 15 kina turawa kina naɗowa, in da bota da sukari a ciki ma ya wuce haka. Inji mai ƙugiya, irin su Kenwood da KitchenAid, wajen rabin wannan ya ishe shi. Ke in kafaɗa ta gaji sai ki miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan matan gida kwano. Nan mace ita kaɗai ce: ta taso daga aiki, ta ɗauko yara daga makaranta, ga magariba tun wajen ƙarfe huɗu in hunturu ya shiga.

Inda inji ya gaza shi ne ba ya jin kwaɓi. Fulawar burodi ta nan ta fi ta yau da kullum shan ruwa, kuma hannu ne ke gaya miki ya yi tauri ko ya yi ruwa. Shi ya sa waɗanda suka iya sukan kashe shi kafin ya gama, su ƙarasa da hannu, su tsinko kaɗan su ja. In ya miƙe ya yi shara-shara bai yage ba, ya murzu. Akwai kuma injin da ke yin komai da kansa har gashi, amma da yawanmu a kwaɓi muke tsayar da shi, don burodinsa da rami a gindi yake fitowa, ga ɓawo mai tauri.

Funkaso da alkubus kuwa har yau ana musu a kansu. Manyanmu sun ce in ba a buga da hannu ba bai yi ba, kuma ranar suna ko Sallah, da yake hannuwa sun taru, su ke cin nasara. Ni dai na ci na inji da miyar taushe ban ji bambanci ba, amma ba na faɗa a gabansu.

Abin da ya fi wahalar da mu ma ba murzar ba ce, tashin ne. Ke a zafin Daura rufewa kawai za ki yi ki ajiye. Mu sai mun kai shi kusa da hita, ko mu sa a cikin oben mu kunna fitilarsa kaɗai.

In don burodin gida kike son in aiko miki da injin, ki bar kuɗin nan su yi wani abu, balle in wuta ta ɗauke a tsakiyar kwaɓi hannun dai za ki koma. In kuwa na sayarwa ne, injin Ingila ya dace da soket da ƙarfin wutar Najeriya, na Amurka kuma sai da tiransifoma, in ba haka ba ya ƙone. Ki sani kuma yawancin waɗannan na gida ba sa ɗaukar fiye da kilo ɗaya ko ɗaya da rabi na fulawa a tashi guda. Ki gaya mini mudu nawa kike kwaɓawa a rana kafin in je kanti.