Fasfo ɗin ECOWAS zai ba ni damar buɗe shago a Kumasi?

Tambaya: Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, Kano, kuma ina da abokan ciniki a Gana. An ce mini tunda fasfona na ECOWAS ne, zan iya kama shago a Kumasi in zauna kamar ɗan gida. Haka ne?

Amsa: Alhaji, wanda ya faɗa maka haka rabin magana ya ba ka. Zama ɗan ECOWAS a kan zama ɗan Najeriya ya hau. Yarjejeniyar 1982 da ta fayyace wane ne ɗan ƙungiyar ta jingina abin ne ga zama ɗan ɗaya daga cikin ƙasashenta. Duba fasfon da ke aljihunka: tambarin ECOWAS ne a bango, amma hukumar shige da fice ta Najeriya ce ta ba ka shi. A Kumasi kai baƙo ne mai gata, kuma dokar Gana ce za ta yi aiki a kanka.

Gatan ya fito daga yarjejeniyar 1979, mai matakai uku: shiga, zama, da kafa sana'a. Na farkon ne ke tafiya sosai. Za ka shiga ba biza har kwana 90, muddin kana da fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kati. A kowace iyaka, Seme (tsakanin Najeriya da Benin) ko Aflao (tsakanin Togo da Gana), ka tsaya a buga maka hatimi. Masu bin ɗan acaɓa ta bayan gari don gudun layi su ne ke shan wahala daga baya, don ba su da shaidar ranar da suka shiga. In zamanka zai wuce kwana 90, nemi takardar izinin zama tun wa'adin bai cika ba.

Mataki na uku shi ne inda gizo ke saƙar. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai talla, ƙananan saye da sayarwa, da sayar da kaya a rumfar kasuwa. Baƙon da ke son harkar saye da sayarwa, dokar ta ce ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan Gana 20 aiki. Da wannan doka aka kafa hujja lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. 'Yan kasuwarmu sun yi ta ɗaga yarjejeniyar ECOWAS, kwaɗon kuma yana maƙale a ƙofa, kuɗin haya na tafiya. Kada ka biya ko sisi na haya sai ka je hukumar zuba jari a Akara an rubuta maka ƙa'idar da ke aiki a ranar. Dabarar sa sunan wani ɗan Gana a takardun shago kuwa, na hana ka: laifi ce a dokarsu, kuma ranar da kuka ɓata, a takarda kayan nasa ne.

Sai maganar kaya, wadda daban take da ta mutum. Tsarin sassauta haraji na ECOWAS ya shafi kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin ne kawai. Albasa, dabbobi, hular hannu, takalmin fata na Kano, waɗannan ba a biya musu harajin shigowa, ko da yake akwai sauran kuɗaɗen cikin gida irin su VAT. Kayan masana'anta sai kamfanin ya yi rajista a tsarin, kuma akwai takardar shaidar asalin kaya. Yadin da aka sauke daga Sin, ko ya shekara a Kwari, kayan Sin ne a idon kwastan na Gana. Sa harajinsa a lissafi kafin ka yanke farashi.

In ta arewa za ka bi, ka tuna Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin zirga-zirga har sai an sake sanarwa, amma wannan sassauci ne da za a iya janyewa. Najeriya ma ai ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tana cikin ƙungiyar.

Shawarata, bar shagon tukuna. Zaɓi ɗan kasuwa ɗaya ko biyu a Kumasi masu rajista, ka riƙa aika musu sari. Ku rubuta yarjejeniya: wa zai biya kwastan, da wane kuɗi za a biya ka, kuma a wane farashin canji, don sidi, kuɗin Gana, da naira duka suna rawa. Fara da dila biyu ko uku na yadi, rabin kuɗi a hannu kafin mota ta tashi, ka riƙa zuwa karɓar ragowar cikin kwanakinka 90.