Daga tallan kayan sawa zuwa wasan talabijin

'Yar'uwa, kin tambaya ko mai tallan kayan sawa za ta iya komawa wasan kwaikwayo na talabijin ba tare da ta koyi aikin ba. Za ta iya komawa, amma sai ta zauna ta koya, domin kyau da sabo da kyamara iyakacinsu su sa a kira ta gwaji. Tricia Helfer 'yar Kanada ta lashe gasar masu talla ta Ford Models, kamfanin masu tallan kayan sawa, a 1992, kuma tun tana cikin sana'ar ta fara ɗaukar darasin wasa a New York, kafin ta bar talla a 2002.

Wannan karatun ne ya yi mata rana a shirin Battlestar Galactica daga 2003, inda ta fito a matsayin Number Six, mutum-mutumi mai kwafi da yawa, fuskarsu ɗaya amma halinsu daban, ta yadda dole ta bambanta su da murya da tafiya. Na sha ganin masu talla a wurin gwaji suna neman kyamara da ido maimakon su saurari abokin wasansu, don haka ki fara gyara wannan kafin ki nemi darakta.