Tallafin koyarwa ga baƙaƙen marubuta a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai tallafin da ke bai wa marubuci baƙar fata damar koyarwa yana kuma ci gaba da rubutunsa. Akwai. Cibiyar koyar da rubutu ta GrubStreet da ke Boston, wadda Eve Bridburg ta kafa a 1997, tana da shiri na musamman: tana ɗaukar marubuta biyu baƙaƙen fata na tsawon shekara guda, ta biya su, su koyar da azuzuwan rubutu. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗalibi ya shiga aji ya tarar da malamin da ya san inda rayuwarsa ta fito.

In kuma waƙa kake rubutawa, nemi Cave Canem, ƙungiyar baƙaƙen marubuta waƙa a Amurka, wadda Toi Derricotte da Cornelius Eady suka kafa a 1996. Ita horo take bayarwa, ba aikin koyarwa ba.

Kafin ka nema, tanadi samfurin rubutunka mafi ƙarfi da tsarin darasi ɗaya da ka tsara da kanka: me ɗalibai za su karanta, me za su rubuta a mako na farko. In ba a Amurka kake zaune ba, fara bincika sharaɗin izinin aiki tukuna.