Zan iya wanke lagireton motar dizal a gida?

Tambaya: Malam, na haɗa na'urar OBD, wadda ke karanto bayanan inji daga kwamfutar mota, da wayata, sai na ga zafin injin motata ta ɗaukar kaya yana wuce digiri 100 in na hau tudu. Ruwan lagireton ma ya koma ja kamar tsatsa. Zan iya wanke shi da kaina?

Amsa: Za ka iya, Malam, amma sai inji ya huce sarai. Ruwan da ke ciki a matse yake, in ka buɗe murfi da zafinsa zai feso ya ƙona ka.

Ajiye roba a ƙarƙashi, ka kwance mazubar da ke gindin lagireto. In jikin injin yana da tasa mazubar, ita ma buɗe ta, domin ruwa mai yawa a can yake maƙalewa. Mayar da su, ka cika da tataccen ruwa, wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Kunna hita har ƙarshe, ka tayar da mota. A nan wayarka za ta yi maka amfani: jira zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, inda tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ke buɗewa ruwa ya zagaya ko'ina. Kashe, bari ya huce, zubar, ka maimaita har ruwan ya fito garau.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da za ka zuba daga baya. Don Allah kada ka bar zallan ruwa a injin dizal. A manyan injuna da yawa ruwan yana taɓa bangon silinda kai tsaye, girgizar inji kuma tana haifar da ƙananan kumfa masu fashewa a jikin ƙarfen, suna cin sa a hankali har ya huje. Ruwan sanyaya inji na dizal yana ɗauke da sinadarin da ke hana wannan. Duba littafin motar ka sayi irin da aka rubuta, in ba gaurayayye ba ne ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Kada ka dogara da launi, kada kuma ka cakuɗa iri biyu.

Bayan ka cika, bar injin yana aiki iska ta fita, washegari ka sake duba ruwan. Tsohon ruwan guba ne mai zaƙi, ka rufe shi nesa da yara da dabbobi. In ka ga mai yana yawo a kansa, matsalar ta wuce wanki, sai bakanike ya duba gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, da na'urar sanyaya mai.