Ina fama da ciwon daji, an ce in ɓoye wa kamfanin inshora

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. An yi mini aikin ciwon daji na mama, na gama ƙarin ruwan magani da gashin na'ura, yanzu ƙwaya ɗaya nake sha kullum, likita kuma yana duba ni lokaci zuwa lokaci. 'Yata ta shirya mana hutu a Sifaniya. Na nemi inshorar tafiya, kamfani na farko ya ce ba zai karɓe ni ba, na biyu kuma ya tsawwala kuɗi. Wani mai shirya tafiye-tafiye ya ce in amsa "a'a" a wurin tambayar rashin lafiya tunda na samu sauƙi, wai ofishin jakadanci ba ya bincike. Shin doka ta ba su damar ƙin karɓata? Idan na yi shiru kuma, me zai biyo baya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Zan fara da shawarar mai shirya tafiyar, domin a nan hatsarin yake. Yana da gaskiya a abu guda: jami'in biza ba zai nemi fayil ɗinki na asibiti ba. Dokar bizar ƙasashen Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ciki har da Sifaniya), wadda Tarayyar Turai ta kafa a 2009, ta ce mai neman biza ya nuna inshorar da ba ta gaza ta Yuro 30,000 ba, mai aiki a duk ƙasashen yankin tsawon kwanakin ziyara, wadda za ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa da mayar da mutum gida saboda rashin lafiya ko rasuwa. Da jami'in ya ga haka a rubuce, ya gama aikinsa. Mai buɗe fayil ɗin shi ne kamfanin inshora, shi kuwa sai ranar da aka kwantar da ke a asibiti aka aika masa takardar kuɗi zai buɗe. A ranar zai nemi izininki ya tuntuɓi likitanki, ya ɗora abin da likita ya rubuta a kan abin da kika cike a fom. Mai shirya tafiyar ya daɗe da karɓar ladansa, sa hannun da ke ƙasan fom ɗin kuma naki ne.

Inshora yarjejeniya ce da doka ta gina a kan faɗin gaskiya fiye da sauran cinikayya, saboda mai saye ne ya san jikinsa, kamfani da abin da aka gaya masa kawai yake lissafi. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Tun a 1766 alƙali Lod Mansfil ya bayyana ta a wata shari'a a Ingila, daga can ta bazu zuwa ƙasashen da suka gaji dokar Ingila. A tsohon tsarin, nauyi ne a kan mai saye ya bayyana duk abin da zai iya sauya ra'ayin kamfani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, in ya ɓoye kamfani ya rushe yarjejeniyar tun daga tushe. Wasu ƙasashe sun sassauta. A Birtaniya, dokar 2012 da ta fara aiki a Afrilun 2013 ta ce aikin mai saye shi ne ya amsa tambayoyin da aka yi masa da kulawa, kada ya faɗi abin da ba haka ba. Ta kuma bambanta mai sakaci da mai ganganci. Idan sakaci ne, ana duba abin da kamfani zai yi da ya san gaskiya: in da zai karɓi ninkin abin da kika biya, to rabin diyya zai ba ki, in kuwa da ba zai karɓe ki ba sam, ya mayar miki da kuɗinki ya janye. Idan ganganci ne, kamfani zai ƙi biyan komai, kuma a mafi yawan lokuta ya riƙe kuɗin da kika biya. Wadda aka yi wa aiki, aka yi wa gashi, take shan magani kullum, sannan ta amsa "a'a", da wuya wani alƙali ya kira wannan mantuwa. Dokar da za ta hau kanki ita ce ta ƙasar da kika sayi inshorar, galibi ana rubuta ta a shafukan ƙarshe na yarjejeniyar, amma ko wace ce, ƙarya a fom ba ta da mafaka.

Ki lura kuma, rushe yarjejeniya ba a kan ciwon daji kaɗai yake tsayawa ba. Ko zamewa kika yi a banɗakin otal kika karye a hannu, idan bincike ya tono amsar ƙarya, kamfani na iya cewa babu yarjejeniya tsakaninku tun farko.

Sai batun ko suna da ikon ƙin karɓarki. A gaba ɗaya, suna da shi. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya ɗauki kasadar da ba ya so, kuma ƙara kuɗi saboda rashin lafiya ba laifi ba ne a karan kansa. Sai dai akwai ƙasashen da suka sa wa wannan iko linzami. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗauki mai ciwon daji a matsayin wanda doka ke karewa daga wariya tun ranar da aka gano cutar, don haka kamfani ba zai ƙi shi ko ya ƙara masa kuɗi ba sai ya dogara da bayanai ingantattu masu alaƙa da kasadar, kuma matakin ya zama na hankali. Tun daga Afrilun 2021 ma hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi a can ta wajabta wa kamfanin da ya ƙi mutum saboda rashin lafiya, ko ya cire cutar daga inshorar, ya nuna masa jerin kamfanonin da suka ƙware a irin wannan. Ko a ina kike, ki nemi dalilin ƙin a rubuce. Sau da yawa ba mutum ba ne ya ƙi ki, kwamfuta ce aka tsara ta rufe ƙofa da zarar ta ga sunan cutar.

Shi ya sa zaɓinki na farko shi ne ki bar shafukan intanet masu kwatanta farashi ki nemi dillalin inshora mai lasisi, ko kamfanin da ya ƙware a kan masu tsohuwar cuta, ki yi magana da mutum baki da baki. Ƙungiyoyin tallafa wa masu ciwon daji da ma'aikatan jinya na sashen da kike zuwa sukan san waɗanda ke karɓa. Kafin ki kira, ki zauna da likitanki ki rubuta amsoshin a takarda: ainihin sunan cutar, lokacin da aka gano ta, matakinta, ko ta bazu zuwa wani sashe na jiki, irin jinyar da aka yi da ranar da aka gama, magungunan da kike sha, da ranar da za ki koma asibiti. Ga wurin da masu gaskiya ma suke tuntuɓe. Za a tambaye ki, "Kina karɓar magani a yanzu?" Ke a ranki an gama, tunda babu sauran ƙarin ruwa. Amma ƙwayar nan ta kullum magani ce a wurin kamfani, amsar "e" ce. Haka hawan jini ko ciwon suga, in akwai, kada ciwon daji ya sa ki manta da su. Idan tambaya ta shige miki duhu, ki ce a fayyace miki, ki rubuta sunan wanda kuka yi magana da ranar, sannan ki nemi a aiko miki da duk amsoshinki a rubuce ki karanta.

Abu guda da ke rufe ƙofa kusan ko'ina shi ne jiran sakamakon gwaji. Idan akwai hoton da aka ɗauka ko jinin da aka ɗiba ba a ba ki sakamako ba, yawancin kamfanoni ba za su karɓe ki ba sai ya fito. In da hali, ki sa tafiyar bayan ganin likita na gaba.

Zaɓi na biyu shi ne wanda za a fi tallata miki, saboda ya fi araha: ki faɗi gaskiya, a sayar miki da inshora, amma a cire ciwon daji daga ciki. Halal ne a doka, kuma ya fi ƙarya nesa ba kusa ba. Sai dai araha ba ta ado. Ki nemo jimlar da ke cewa ba za a biya abin da ya samo asali daga cutar ba "kai tsaye ko a kaikaice". Kalmar "a kaikaice" ce ke cin mutane. A ce bayan doguwar tafiya a jirgi ƙafarki ta kumbura, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya. Ke za ki ce zaman jirgi ne. Kamfani zai ce ciwon daji yana ƙara hatsarin daskarewar jini, wasu magungunan ciwon daji na mama irin su Tamoxifen ma haka, kuma duka biyun gaskiya ne a likitance. Zazzaɓi mai zafi ya kama ki, a ce jinyar da aka yi miki ce ta raunana garkuwar jiki. Kafin a warware wannan gardama, asibiti yana jiran kuɗinsa, in kuwa ta kai ga ɗauko jirgin marasa lafiya ya mayar da ke gida, kuɗin na iya cinye abin da iyali suka tara. A ganina wannan zaɓi ya dace ne da wanda ya daɗe da warkewa ba ya shan komai, ko wanda aljihunsa zai iya ɗaukar jinyar waje. Ga ke da kike kan magani, ban ba ki shawararsa ba.

Na uku, ki rage tsadar ta hanyar tafiyar kanta. Inshorar tafiya guda ta fi sauƙin samu a kan ta shekara. Gajeren hutu ya fi dogo sauƙi. Ƙasar da za a je ma tana da tasiri ƙwarai, Amurka da Kanada suna cikin mafiya tsada saboda kuɗin asibitinsu, haka yawon jirgin ruwa, don fito da marar lafiya daga teku aiki ne babba. Wasu kamfanonin kan rage farashi idan kika yarda ki ɗauki wani kaso na farko na kowace diyya da kanki. Inshorar kyauta da ke zuwa da katin banki kuwa, kada ki dogara da ita sai kin kira an tabbatar miki a rubuce cewa ta haɗa da cutarki, domin galibinsu ba sa haɗawa.

Akwai batun 'yarki, wanda mutane kan manta. Idan ita ta sayi tata inshorar daban, jikinki ya motsa kuka fasa tafiya, kamfaninta na iya ƙin mayar mata da kuɗin jirgi da otal, ya ce ta san da rashin lafiyarki tun kafin ta saya. Ya fi ku shiga inshora ɗaya, ko ta sanar da nata kamfanin. Ku tabbatar kuma akwai kuɗin masaukin wanda zai zauna da ke idan aka kwantar da ke bayan ranar komawa ta wuce. Ki nemi farashin inshora kafin a biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa, ki saye ta da zarar an yanki tikiti, domin a inshorar tafiya guda kariyar fasa tafiya daga ranar saye take farawa.

Faɗin gaskiya kuma ba ya ƙarewa ranar biyan kuɗi. Yawancin yarjejeniyoyi sun shar'anta cewa idan wani abu ya sauya kafin ki tashi, an canza magani, an sa sabon gwaji, an kwantar da ke ko da dare ɗaya, sai kin sanar. Kamfani zai iya ƙara kuɗi, ko ya ce ki fasa ya biya ki asarar tafiyar, gwargwadon abin da aka rubuta. Kusan dukkansu kuma ba sa biyan wanda ya yi tafiya bayan likita ya hana shi, ko wanda ya tafi da niyyar neman magani. Don haka ki sa likitanki ya rubuta a fayil cewa ya amince ki yi wannan tafiya, ya ba ki wasiƙa mai ɗauke da sunan cutar da magungunanki. Maganin ki bar shi a kwalinsa na asali, cikin jakar hannu. Idan akwai mai kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin, ko kodin, ko tiramadol, ki binciki dokar ƙasar da za ki je da wadda za ki yada zango, domin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan suna cikin masu neman izini tun kafin a shiga da wasu daga cikin irin waɗannan.

Idan jiki ya motsa a can, akwai lambar gaggawa a jikin takardar inshorar mai aiki dare da rana. A kira ta da wuri, kafin a amince da babban aiki ko a sauya asibiti, sai fa in rai ne ke cikin hatsari. 'Yarki ta ajiye lambar a wayarta tare da lambar inshorar, ta kuma tattara kowane rasit da rahoton likita.

Kafin duk wannan, da zarar takardun sun iso ki karanta su. A ƙasashe da yawa, ciki har da Birtaniya, akan ba mai saye kwana 14 ya soke a mayar masa da kuɗinsa, muddin bai yi tafiya ba kuma bai nemi diyya ba. Ki duba ko an rubuta sunan cutarki cikin abubuwan da aka amince a biya, domin alƙawarin da aka yi ta waya in bai shiga takarda ba, wahalar tabbatarwa gare shi.

Idan kin cika duk sharuɗɗa amma aka hana ki diyya, ki nemi a ba ki dalilin a rubuce tare da sakin layin da aka dogara da shi, sannan ki shigar da ƙorafi a sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin. In ba su gyara ba, ki wuce hukumar da ke kula da inshora ko mai sasanta rigingimun kuɗi a ƙasar da kika saya. A Birtaniya kamfani yana da mako takwas ya ba da amsar ƙarshe, mai ƙorafi kuma yana da wata shida daga ranar amsar ya kai kuka wurin mai sasantawa, ba a kuma biyan ko sisi. Inda kamfani ya ce da gangan kika ɓoye, dokar can ta ɗora masa nauyin kawo hujja. Kotu tana nan a matsayin mataki na ƙarshe, amma kafin ki kai can ki nuna wa lauya yarjejeniyar, kwafin amsoshinki da wasiƙar likita, ya duba kuma wa'adin shigar da ƙara kada ya wuce.