Kwana biyu a Yamai: ina ya kamata baƙo ya fara?

Tambaya: Malam, daga Tawa nake rubuto maka. Zan kawo iyalina Yamai, kwana biyu kacal za mu yi. Waɗanne wuraren tarihi ne ya dace yara su gani?

Amsa: Malam, Allah ya kawo ku lafiya. Shawarata ita ce ku ba Gidan Tarihi na Ƙasa safiya guda cur, kada ku raba ta da wani wuri. An kafa shi a 1959, daga baya aka sa masa sunan Boubou Hama, marubucin da ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974. A nan yara za su tsaya gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, su ga irin ɗakunan Hausa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, su kuma kalli maƙera da dukawa suna aiki da hannunsu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kututturen bishiyar Tenere, wadda ta yi zamanta ita kaɗai a tsakiyar rairayi tana nuna wa ayari hanya, har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973. Ku ba yara labarinta tun kafin ku isa, don kada su ɗauka busasshen itace ne kawai.

Yamai ba tsohon birni ba ne kamar Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birni kafin 1926, saboda haka kada ku zo neman ganuwa ko tsohuwar fada. Kogi ne ya yi garin. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, ku gangara bakin ruwa kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ku ga masunta da masu lambu. Amma ku nemi izini kafin ɗaukar hoto a kusa da gada ko ma'aikatun gwamnati.

Rana ta biyu ku ziyarci Babban Masallaci, sannan Babbar Kasuwa don tsarabar kilishi.

Raƙuman dawa na Kure suna da nisan kimanin kilomita 60 a kan hanyar Dosso, sai dai ba zan ce ku ɗauki yara zuwa can ba sai kun tambayi hukuma halin tsaro a makon da za ku zo.