Ƙurar hunturu ta manne wa zanena, banish kuma ya yamutsa shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zane ne a Kano, da fentin mai nake aiki a kan kanbas. A hunturun nan na riƙa fita gindin Dala ina zana dutsen da gidajen da ke kewaye da shi, amma kafin in dawo gida ƙura ta bi ta manne wa fentin. Bayan mako biyu na shafa wa ɗaya banish don in kare shi, sai ya yi dishi-dishi, wani wurin ma ya yamutse. Ina na kuskure, kuma zai gyaru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙura ta yi nata, amma banish ɗin nan ya fi ta ɓarna, don haka da shi zan fara.

Fentin mai ba ya bushewa irin ta wanki a igiya. Man da ke cikinsa iska yake sha a hankali har ya ƙanƙare, kuma daga sama yake farawa. Bayan mako biyu in ka taɓa za ka ji ya bushe, alhali ƙarƙashi yana nan ɗanye, musamman inda ka jibga fenti da kauri. Ka ɗora banish a kai, na ƙasa yana ci gaba da motsi, na sama ya riga ya kame, dole wurin ya tattare. Ƙa'idar ita ce a jira wata 6, mai kauri kuwa har shekara. In kana so ka gwada, danna farcenka a hankali inda fentin ya fi kauri. Muddin ya lotsa, da sauran lokaci.

Akwai abin da ba ka faɗa ba: wane banish ne? Masu zane da yawa na kafintoci suke saye don ya fi araha. Wannan don katako aka yi shi, yana rinewa ya koma rawaya, kuma ba ya cirewa sai ya tafi da fenti. Na masu zane an haɗa shi ne yadda za a iya wanke shi bayan shekaru a sake sabo. Ina roƙonka kada ka ƙara kusantar da na kafintoci ga aikinka.

Zanen da ya riga ya ɓaci kuwa, gaskiya yamutsar ba za ta miƙe ba. Kada ka goge shi da tina ko kananzir, za su kwashe har da fentin. Ajiye shi a inda iska ke shiga, ka bar shi wasu watanni, sannan ka kankare wurin da ya tattare a hankali ka sake zana shi.

Yanzu ƙura. Maganinta a hana ta sauka ne. Fita da sassafe, da zarar gari ya waye sosai, ka tashi kafin hantsi ya yi nisa, don a lokacin ne iska ke ƙarfi. Dama bayan awa biyu haske ya juya, inuwar da ka fara da ita ta koma wani wuri. Claude Monet na Faransa, lokacin da yake zana tarin dammunan hatsi a 1890 da 1891, kanbas da yawa yake ajiyewa kusa da shi, haske na sauyawa ya ɗauki wani. Kai ma ka rage girman aikin, ka koma gobe a daidai wannan lokaci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to ka juya mata bayan zanen, ka rataya jaka mai dutse a jikin abin jinginarsa kada ta kifar maka da shi. Ka kuma zauna a inuwa, kai da zanen da farantin fenti duka. Wanda ya haɗa launi cikin tsakiyar rana, in ya shiga ɗaki sai ya ga komai ya yi duhu.

A hanyar komawa gida ne ƙura ta fi samun aiki, a bayan babur ko cikin adaidaita. Nemi falanki mara kauri daidai girman zanen. Yanka tsohon silifas gida huɗu ƙanana, ka sa ɗaya a kowace kusurwa, ka kifa falankin a kai, ka ɗaure da robar tayar keke. Fuskar zanen na ciki, ba abin da ke taɓa ta. A gida ka jingina shi a karkace yana kallon bango. In duk da haka ƙura ta sauka, ka daure kada ka share tun yana ɗanye. Tsinke ko gashi ka ɗaga shi da bakin allura, sauran ka bari ya bushe ka kakkaɓe da buroshi mai laushi.

Wasu kan koma akirilik a hunturu, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, don cikin mintoci yake bushewa. Dabara ce mai kyau, sai dai ka riƙe ƙaramar kwalbar fesa ruwa, ka kuma sani a zafin bazara yana yin danƙo, don haka kada ka naɗe shi a leda ko ka haɗa fuskar zane biyu.

Wajen ajiya, ɗora su a kan bulo, kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara da laimar damina. In dole ta sa ka naɗe kanbas, fenti ya kasance ta waje.

Kada wannan ya hana ka fita. Yadda hazo ke cinye gidajen nesa daga gindin Dala, ya bar na kusa ja-ja, ba ka samun sa daidai a hoton waya. Duk zanen da ka gama, ka ɗauke shi hoto, ka rubuta sunanka da kwanan wata da fensir a katakon bayansa. Daga ranar nan za ka fara ƙirga watanninka 6.